Fuskar da Farin Leshi Ya Cinye

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinki, da addu'ar Allah ya sauke ki lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa sai kawunki. Na ce wa gwaggonki Asabe ta sa takardar nan a jakarki ta hannu, kada ta nuna miki sai kin shiga mota. Ki buɗe in jirgi ya tashi. In kin ga rubutun ya yi manya-manya, yana hawa yana gangara, kada ki yi mini dariya, 'yar makarantar lise. Dalilin yana nan tafe.

Ba zan ja ki da nisa ba. Idona yana tafiya. Ranar da na ce miki zan je kasuwar Assigamé sayen takardar hoto, asibiti na je. Likita ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa, sannan ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Jijiyar ce take mutuwa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Yanzu ina ganin duniya kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Ban gaya miki ba don na san halinki. Da kin mayar wa mutane da burs ɗinsu, kuɗin karatun da suka ba ki, kin zauna kina ɗiga mini magani, ni kuwa wallahi gara in makance yau da in ga haka.

Ba makantar ce ta fi ci mini rai ba. Fuskar mahaifiyarki ce. Ba ni da ita a takarda, a cikin kaina ma ta fara dushewa, wurin da ta rage mini kawai shi ne a fuskarki, ga shi kuma za ki tafi da ita Faransa. Mai hoto guda, wanda ya ɗauki rabin mutanen Zongo, ba shi da fuskar matarsa. Yadda aka yi haka nake so ki ji, domin aikin da za ki je koyo aikina ne, inji ne kawai ya canza.

Na tuna ranar da kika zauna a kan bencin shago kina yi mini bayani. Kika ce, "Baba, kyamarar da suke ƙerawa ba ta da fim. Haske yana faɗawa kan wani ɗan abu kamar farce, ya zama lissafi, ya fito a gilashi irin na talabijin." Na ce, "To, ke mene ne naki a ciki?" Kika ce ku ne za ku zauna ku duba hotunan gwaji, ku auna, ku ce launi ya yi ko bai yi ba, gefen abu ya fito tas ko ya yi hazo, wurin duhu ya yi yashi-yashi ko ya yi sumul. In kun ce ya yi, a ci gaba da ƙira. In kun ce bai yi ba, a koma. Na yi dariya na ce ai tun kafin a haife ki nake wannan. Dariyar baka ce kawai. Mutumin da yake cewa "ya yi" shi ne mafi hatsari a wannan sana'a, kuma ni na sha faɗinta a inda bai kamata ba.

A hannun Fo Kossi na koyi aiki, wani mutumin Ewe da ke da shago bayan kasuwa. Allah ya saka masa, bai ɓoye mini komai ba. Amma da na buɗe nawa shagon a tsohon Zongo, wani malami na samu, wato mutanenmu. Kin san mu. Ba a zuwa wurin mai hoto sai an yi sabon ɗinki. Namiji ya shigo da farar shadda tana ƙara, ya zauna, ya baza hannun riga, ya ce, "Malam Ilu, ka tabbata aikin wuyan nan ya fito." Mace ta zo da atamfar da ta yi wata da watanni tana zagayawa a Assigamé, ta ce, "In zanen bai fito ba ban karɓa." Ban taɓa jin wanda ya ce in tabbata fuskarsa ta fito ba, ko mutum ɗaya. In an zo karɓa, a riga ake ɗora yatsa. Sai ni ma na koyi auna haske a kan tufa. Farar shadda kuwa haske take zubarwa kamar kwano a rana. In ka rufe idon kyamara don ɗinkinta ya fito, baƙar fuska sai ta nutse. Na san haka sarai. Amma ana yabona, ana cewa hoton Ilu har zare ana ƙirgawa, sai kaina ya kumbura.

Ki kiyayi wannan, Uwata. Abin da mai saye yake ɗora wa yatsa yau ba shi ne abin da za a nema a hoton ba in shekaru sun wuce. Riga tana tsufa a yi tsumma da ita, ba wanda ke kuka. In an ba ki hoto ki duba, fara neman mutumin. In kin same shi, sannan ki duba kayansa.

Ranar sunanki mahaifiyarki ta sa farin leshi. Ita ba mai son hoto ba ce, kunya gare ta, kullum in na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta ce, "Kai dai, je ka ɗauki masu biya." Ran nan ne kaɗai ta yarda, don ƙawayenta sun matsa. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da ke a cinya, rana tana dukan leshin, fuskarta tana cikin inuwar kwano. Ta ce, "To ka yi sauri, kuma leshin ya fito, aro na yi." Hannuna ya yi abin da ya saba. Da na wanke, kai! Leshi ya fito har ramukansa, kamar ka taɓa. Ke ma kin fito, don jarirai jajaye ne. Ita kuwa daga wuya zuwa ɗankwali baƙi ne ƙirin, sai ɗan farin ido da haƙora biyu. Ta duba ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ka mayar da ni dodo." Na ce za mu sake in an yi Sallah. Sallah ta zo, shago ya cika, ban samu sukuni ba. Wata ta sake zuwa, haka. Kina tafiya da ƙafarki kina kama zanenta zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta.

Ba ajali nake zargi ba, kaina nake zargi. Na ga hoton bai yi ba, na san dalili, kyamara tana rataye a ɗakin da muke kwana, amma na bar shi don ita ta gida ce, tana nan. In kin ga aibi a aiki ki gyara shi ranar da kika gan shi. Kada ki ce sai a ƙira ta gaba. Akwai wanda zai sayi wannan ƙirar ya ɗauki uwarsa da ita, kuma uwar ba za ta jira ta gaba ba.

Abin da na yi bayan rasuwarta ya fi wannan muni, kuma ko gwaggonki rabinsa ta sani. Na ɗauko kilishen, wato fim ɗin da aka wanke wanda ake buga hoto da shi, na ɗaga shi a haske. Wurin fuskar fayau yake kamar gilashin taga, sai wata 'yar inuwa da ƙyar ake gani. Fo Kossi ya koya mini gyara da fensir, yadda ake shafe ƙuraje da tabo. Na ce ai na san fuskar matata, zan mayar da ita. Na fiƙe fensir na zauna. Na zana hanci, na zana kumatu, na sa haske a goshi. Na buga. Mace ta fito kyakkyawa, fes da ita. Na kai wa Asabe ina rawar jiki. Ta karɓa, ta juya shi, ta dube ni ta ce, "Yaya, wace ce wannan?"

Na koma na ɗauki reza don in kankare fensirin, sai na haɗa da fatar fim ɗin. Da na kai wa Fo Kossi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ban taɓa ba, da takarda mai laushi da haƙuri, da ya ciro mini wani abu daga waccan inuwar, ko da siffar baki ce. Ya ce, "Ilu, kaɗan ne haske ya kawo, amma nata ne. Kai ka share shi ka sa naka." Na fito daga shagonsa ban san ta inda na bi na iso gida ba. Mafi ciwo, Uwata, yanzu in na rufe ido ina neman mahaifiyarki, wani lokaci matar fensir ce take zuwa.

Kin ce injinku yana iya ƙara wa hoto kaifi da lissafi, ya goge yashin da ke cikin duhu, ya cike inda ya ɓace. To, fensirina ke nan, an sa masa lantarki. Ban ce kada a yi ba. Amma duk lokacin da hoto ya fito sumul ya burge kowa, ki tambaya: wannan daga mutumin ya zo ko inji ne ya ƙaga? In goge yashi zai tafi da tsagar fuskar tsoho, ko ramin kumatun yarinya, ki bar musu yashinsu. Gara hoto mai datti na mutumin gaskiya da mai tsabta na wanda ba a taɓa haifa ba.

Akwai wani kuma, zan faɗe shi a taƙaice, ba zan kama suna ba, kin san ƙasar da muke. Lokacin da aka fara tara mata rawar yabon gwamnati da ake kira animasiyon, ana ɗinka musu atamfa mai hoton shugaba a ƙirji, wani babba na jam'iyya a unguwarmu ya kira ni in ɗauki matan Zongo. Ya ce, "Ka gane ko? Fuskar nan ta fito." Ba fuskar matan yake nufi ba. Na gane. Na auna haske a kan atamfa, na saita kaifi a kan ƙirji. Da na kai masa ya jera hotunan a tebur, ya sa tabarau, ya bi su ɗaya-ɗaya yana duba fuskar da ke kan zane, ya ɗago ya ce, "Ya yi kyau ko?" Na ce, "Ya yi kyau ƙwarai, ranka ya daɗe." Bayan kwana biyu Ladidi mai koko ta zo shago, tana so ta ga kanta, don ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Ta duba layin mata, fuska ɗaya tana maimaituwa a ƙirjin kowa, kawunansu kuwa duk duhu. Ta ce, "Malam Ilu, ni ce wacce?" Na nuna mata wata a gefe. Wallahi ban sani ba ko ita ce. Ta yi godiya ta tafi tana murna.

Tsoro ne ya sa ni, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ina da ke ƙarama a gida. Can inda za ki ba za a ɗaure ki don kin ce hoto bai yi ba. Amma za a sami babba mai gaggawa, wanda ya riga ya yi wa na sama da shi alkawari, ya tsaya a kanki ya ce, "Ya yi ko?" Ke baƙuwa, mace, baƙa, mafi ƙanƙanta a ɗakin. Bakinki zai so ya ce ya yi. Ki tuna ubanki ya faɗe ta, kuma har yau in ya wuce mai koko sai ya sunkuyar da kai. Ki ce bai yi ba, da ladabi, ki nuna wurin da yatsa. In sun ƙi ji, ke dai kin fita.

Da aka rushe tsohon Zongo aka kwaso mu nan bayan gari, shagona ya tafi, ƙofar da mahaifiyarki ta zauna ta tafi, maƙwabtan da suka san ta suka watse, wasu Adidogomé, wasu Gana, wasu kabari. Kin isa tunawa da wannan. Abin da ba ki sani ba shi ne aikin da na yi a cikin gari lokacin da nake fita da asuba. Hoto mai launi ya shigo, wani mai kuɗi ya kawo injin wanki daga Turai, na shiga yi masa aiki. Injin ya zo da wani kati na gwaji, hoton wata Baturiya mai jan kumatu. Abokan aikina suna ce mata yovo tamu, wato Baturiyarmu. Kowace safiya sai mun saita inji har kumatunta su yi daidai da na katin, sannan a fara buga hotunan mutane. Ita kullum tana fitowa kamar ta yi magana. Mu kuwa? Wani ya fito kamar gawayi, wani kore-kore kamar ya kwana a rijiya, amarya ta fito kalar tukunyar ƙasa. In mutum ya yi ƙorafi sai in ce, "Injin Turai ne, ba ya kuskure, haka kake." Tir da wannan baki nawa. Na shekara ina gaya wa mutane haka Allah ya yi su, alhali inji ne ba a taɓa nuna masa irinmu ba. Sai da mai injin ya yi tafiya na saci jiki na saita shi da hoton wani ɗan dako, na ga fata ta fito da sheƙinta, har jijiyar goshi. Da ya dawo na mayar da saitin yadda yake.

Wannan ita ce babbar wasiyyata a kan aikinki. Ranar da kika shiga ɗakin gwajinsu, ki duba wane ne a kan katinsu. In duk farare ne, kada ki yi fushi, wataƙila ba mugunta ba ce, wanda ke kusa da su suka ɗauka. Ki ja kujera ki zauna gaban kyamarar da kanki. Ki gaya musu baƙi ba iri ɗaya ba ne, akwai wankan tarwaɗa, akwai ja, akwai baƙi wuluk irin na kakanki. Ki sa su gwada baƙar fuska kusa da farin yadi, a tsakar rana, rabi a inuwa. Ki sa su gwada a ɗaki mai fitila ɗaya. In kyamara ta riƙe yadin ta riƙe fuskar a lokaci guda, to ta yi. In ɗaya kawai take iya riƙewa, ki tambaye su wanne suka zaɓa a bari, kuma wa ya ba su izini. Abin da kuka sa wa hannu a ɗakin nan wata rana zai iso Zongo, a hannun yaron da bai san akwai abin da ake kira saiti ba.

Na ƙarshe shi ne na kwanan nan, a ɗan shagon da na sake buɗewa nan bayan gari. Idon nan ya daɗe yana ba ni labari, na ƙi ji. Ina buga hoto ina cewa ya yi, ashe hazo ne. Liman Malam Idi ne ya dawo mini da hoton katin shaidarsa, ya ce a hankali, "Malam Ilu, an ƙi karɓa a ofis, wai ba a gane ni ba." Na hau shi da faɗa, na ce su ne makafi. Malamin da ya yi wa mahaifiyarki salla! Ya bar hoton a kan benci ya fita. Daga baya na je na ba shi haƙuri. Ido yana gajiya, Uwata, kuma ba ya sanarwa. Kada ki yanke hukunci a kan hoto da yamma bayan kin wuni kina kallon gilashi. Ki kira wani ya duba tare da ke. Lissafinku ma kada ki raina shi, shi ba ya tsufa kamar ido. Amma in lissafi ya ce ya yi, ke kuma kin duba ba ki gane mutumin ba, ki tsaya a kan abin da kika gani.

Sauran kin san su. Ki riƙe salla ko da a tsakanin injuna ne. Ki girmama kawunki da matarsa, ki taya ta aiki, kada ki shige ɗaki da littafi kamar yadda kike yi wa Asabe. Ki sa rigar sanyi, ke da ko iskar teku ba kya jurewa. In Faransanci ya cika miki baki ki riƙa yi wa kanki Hausa a ɗaki, kada ki dawo kina ce mini "papa". Kuma kada ki kuskura ki katse karatu saboda abin da na gaya miki. In kika dawo don idona ban yafe ba. Asabe tana nan, masallaci kusa yake, na san hanyar ko da a duhu.

Kada ki wahalar da kanki wajen aiko mini da hoto. Kafin ya iso, wani ne zai duba ya ba ni labari, ni kuma na gaji da jin "ya yi" daga bakin mutane.

Gobe da safe, kafin mota ta zo, zan ce ki zauna a bakin ƙofa in ɗauke ki da tsohuwar kyamarata. Na san za ki ce, "Baba, za mu makara." Zan ce ki juyo, ki ɗaga haɓa, ki daina motsi. Zan daɗe ina murɗa gilashi, Asabe za ta yi ta mita. Yanzu da kike karantawa kin riga kin ga duk wannan, to ki yafe mini jinkirin, kuma kada ki rubuto kina tambaya ko hoton ya yi. Babu fim a ciki. Ta cikin gilashin nan ne kawai idona yake iya tattara fuska wuri ɗaya har yanzu, shi ya sa. Kallonki zan yi, ke da ita, iya abin da mai mota zai bari.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare miki idonki da imaninki, ya sa ki gama da hannun dama. Allah ya yi miki albarka, Uwata. In da rabon mu sake haɗuwa, ki yi sallama da ƙarfi tun daga bakin ƙofa, zan gane muryar.

Mahaifinki,
Ilu mai hoto,
Zongo, Lome.